Atuni Da Taifot: Yadda Ƙwayar Cuta Ke Kwance Ɗaurin Bangon Hanji

Duk shekara da zarar ruwa ya zauna, akwai wani kuka da ba ya yankewa a kasuwannin gundumomin Magariya da Dungas na jihar Damagaram. Daga Bande zuwa Waca, daga Malawa zuwa Dogo-Dogo, za ka ji wance ba ta fito da ƙosai ba yau domin ɗanta na kashi da jini da majina, ko kuma wane ya yi mako 2 bai buɗe rumfa ba saboda zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro. Wasu su ce haƙori ne, wasu su ce basir ne, wasu kuma su ɗora wa sabon ruwa ko ɗanyen ganye. Alhali sau da yawa abin da ke faruwa shi ne atuni ko taifot, cututtuka biyu da ke bin hanya guda, wato daga bayan gida zuwa hannu, ko ruwa, ko ƙafar ƙuda, sannan zuwa baki.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To amma binciken masana na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa ƙwayoyin da ke kawo waɗannan cututtuka ba sa jiran bango ya tsage. Suna tafe da wani makami da ke kwance ɗaurin bangon hanji, har bangon ya buɗe da kansa ya rungume su. A wannan shafi za mu yi bayanin wannan makami, da kuma dalilin da ya sa 'yan kasuwa, musamman mata masu sayar da abinci da abin sha, suke da babban rabo wajen tare shi tun bai kai ciki ba.

Jikinmu ɗakuna ne

Jikin ɗan Adam an gina shi da wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ido ba ya gani, waɗanda yawansu ya kai kimanin tiriliyan 30. Masana na kiran su ƙwayoyin halitta, amma domin kada mu rikita su da ƙwayoyin cuta, za mu kira su ɗakuna, tun da kowanne yana da bango da kayan ciki. Shimfiɗar da ke cikin hanjinmu jeri ne na irin waɗannan ɗakuna, kafaɗa da kafaɗa, kamar rumfunan layin 'yan hatsi. Su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini, su kuma tare ƙazanta kada ta wuce.

Duk wanda ya taɓa kafa rumfa ya san abubuwa uku ne: zana, da dirkoki, da igiyar da ake tanke zanar a jikin dirka. Haka ɗakin jiki yake. Zanarsa wani siririn tantani ne na mai. Dirkokinsa wasu zaruruwa ne da ake kira aktin, su ne ƙashin da ke riƙe ɗakin ya tsaya da siffarsa, sai dai ba a kafe suke wuri ɗaya ba, kullum ana warware su ana sake haɗawa kamar rumfunan ranar kasuwa. Igiyar kuwa wani irin mai ne na musamman da ke maƙale a fuskar bangon ta ciki, wanda masana suka yi wa laƙabi da PIP2. Bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na man bangon ba, amma shi ke ɗaure bango da ƙashi, shi kuma ke isar da saƙo cewa a gina nan ko a warware can.

Wasu masana biyu, mata da miji, Mabel da Lowell Hokin, su ne suka fara lura da wannan a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada a 1953, lokacin da suka ga cewa da zarar saƙo ya iso wa ɗakin jiki daga waje, sai wannan dangin mai ya shiga canzawa da sauri. Daga baya aka gane cewa sirrin yana ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ke kan man, waɗanda ake kira fosfet. Ƙulli biyu saƙo ne daban, ƙulli uku saƙo ne daban. Akwai ma'aikata a cikin ɗakin, waɗanda ake kira inzayim, wasu aikinsu ƙullawa, wasu aikinsu kwancewa. Masu kwancewar su ake kira fosfatas, kuma su ne abin maganarmu.

Mai kwancewa na gida

Jikin kowannenmu yana da nasa masu kwancewar, kuma rayuwa ba ta yiwuwa sai da su. Idan ɗaki zai haɗiyi wani abu, ko zai rabu gida biyu, ko ƙwayar jinin da ke tsaron jiki za ta rarrafa ta bi cuta, dole a kwance ɗauri a wani gefe a ƙulla a wani. Ana ganin muhimmancinsu ne idan ɗaya ya lalace. Akwai wani da ake kira PTEN, wanda aka gano a 1997, aikinsa kashe saƙon da ke cewa ɗaki ya ci gaba da girma da hayayyafa. Idan ya mutu sai saƙon ya yi ta kaɗawa babu mai tsayar da shi, shi ya sa ake samun sa a lalace a cikin sankara iri-iri, har da ta mama da ta mahaifa. Akwai kuma OCRL, wanda idan yaro namiji ya gaji lalatacce ake haifarsa da yanar ido da ciwon ƙoda, cutar da likita Charles Lowe na Amurka ya bayyana a 1952.

Ke nan kwance ɗauri aiki ne na 'yan gida, kuma bisa ƙa'ida ake yin sa. Matsalar tana zuwa ne idan baƙo ya shigo da nasa mai kwancewar.

Ɓarawo da allura

Ƙwayar da ta fi kawo wa yara atuni ana kiran ta Shigela, sunan da ta samo daga likitan Japan Kiyoshi Shiga, wanda ya gano ta a 1897 lokacin wata babbar annoba a ƙasarsa. Mai kawo taifot kuwa 'yar dangin Salmonela ce, wani masani mai suna Karl Eberth ya fara hango ta a madubin likita a 1880. Ƙanƙantarsu ta kai a jera kamar 500 kafin su cika milimita 1.

Kowaccensu tana da wasu 'yan allurai a jikinta, waɗanda aka fara ɗaukar hotonsu a 1998. Idan ta isa jikin ɗakin hanji sai ta soka allurar ta tura sinadarai iri-iri zuwa ciki, ita kuma tana waje tana jira. A cikin sinadaran nan akwai mai kwance ƙullin PIP2. Na Salmonela sunansa SopB, masana a Amurka da Ingila suka tabbatar da aikinsa a 1998. Na Shigela sunansa IpgD, masana a Faransa, cikinsu har da na Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, suka nuna a 2002 cewa yana cire ƙulli ɗaya daga biyun da ke kan man.

Abin da ke biyo baya kowace mai rumfa za ta gane shi. Idan aka kwance tanka, zana sai ta saki dirka ta yi ciki. Haka bangon ɗakin ke sakin ƙashinsa daidai wurin da ƙwayar ta tsaya, ya yi laushi. Sauran sinadaran da allurar ta tura sai su sa zaruruwan aktin su taru su tura sakakken bangon waje, ya tashi kamar bakin zane da iska ta ɗaga, ya lulluɓe ƙwayar ya ja ta ciki. Duk wannan cikin 'yan mintoci ne. Ɗakin hanji ba aikinsa ba ne haɗiyar ƙwayar cuta, amma an yi amfani da dirkokinsa da igiyarsa an sa shi ya yi. Gaskiyar Hausawa da suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Mai kwancewar ba shi kaɗai ke buɗe ƙofa ba, domin da masana suka cire shi daga Shigela ta iya shiga, sai dai bangon bai tashi sosai ba. Amma yana da wasu ayyukan da suka fi wannan muni. Man da ya rage bayan an cire ƙullin yana kunna wani saƙo da ke hana ɗakin mutuwa da wuri, alhali da ya mutu an zubar da shi da ƙwayar ta bi bayan gida. Haka kuma wani bincike na 2013 ya nuna IpgD yana toshe 'yan kafofin da ɗakin ke bi ya sanar da masu tsaron jiki cewa an shigo masa. Ɓarawo ne da ya shiga ya toshe bakin mai gida, ya kuma bar shi da rai domin ya ci gaba da ciyar da shi. Shi kuwa SopB an nuna yana da hannu wajen sa hanji zubar da gishiri da ruwa, wato yana ƙara zawo.

Inda hanyarsu ta rabu

Bayan an shiga, kowacce da tata tafiyar. Shigela tana zama a babban hanji. Takan fasa jakar da aka haɗiye ta a ciki, ta hayayyafa, sannan ta tara zaruruwan aktin a bayanta kamar wutsiya su riƙa tura ta, har ta huda bango ta faɗa ɗakin maƙwabci ba tare da ta fito fili ba. Daga ɗaki zuwa ɗaki sai wurin ya zama gyambo. Wannan gyambon ne ke fitar da jini da majina, shi ne kuma ke sa murɗar ciki da yawan nishi ba tare da wani abin kirki ya fito ba. Alamun kan bayyana cikin kwana 1 zuwa 3.

Ƙwayar taifot ita ba ta tsayawa. Takan ƙetare bangon ƙaramin hanji ta ɓuya cikin ƙwayoyin jinin da aka aiko su cinye ta, su kai ta hanta da saifa da ɓargo da matsarmama. Shi ya sa sai bayan mako 1 zuwa 2 zazzaɓi ke farawa, yana hawa kullum, ga ciwon kai da kasala da rashin cin abinci, wani ma ba zawo zai yi ba, ciki ne zai ɗaure. Idan ba a yi magani ba, wajen mako na 3 hanji na iya hudewa ƙazanta ta zuba cikin ciki. Likitocin fiɗa na Babban Asibitin Damagaram sun sha rubuta rahoto a kan wannan hudewar hanji, wadda tana cikin manyan dalilan da ke sa a yi wa yara da matasa aikin ciki na gaggawa a yankin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 9 suka kamu da taifot a duniya, kimanin 110,000 suka rasu.

Wannan ya bambanta da kwalara, irin wadda ta addabi jihohin Maraɗi da Damagaram da wasu sassan Nijar a 2021. Ƙwayar kwalara ba ta shiga ɗaki, tana zama a waje ne ta zuba dafi, sai zawo kamar ruwan shinkafa babu jini. Ganin jini a kashin yaro alama ce cewa an shiga bango an yi rauni.

Me ya sa abin ya fi tsanani a nan?

Ƙasar Magariya da Dungas na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushe a Nijar. A kwarin Korama, inda ake noman rake da rogo da kayan lambu, ruwa na kusa ƙwarai, ana haƙa kaɗan a same shi. Wannan ni'ima ce, amma rijiyar da ba ta da zurfi ba ta da marfi, da an yi ruwan sama sai kwata ta kwaso abin da aka yi a bayan gari ta zuba mata. Ga kuma zirga-zirga, domin iyaka na kusa, mutanen Dungas na cin kasuwar Maigatari ta Jigawa ranar Alhamis, na Magariya na shiga ƙasar Katsina ta Tinkim. Duk inda mutane da dabbobi suka taru yini guda, ana ci ana sha, bayi kuma bai wadata ba, ƙwayar cuta ta sami kasuwa ita ma.

Sannan lokacin damina ne rumbu ke ƙarewa, sauro kuma ke yawa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magariya tun 2005, a 2017 kuma ta gudanar da sashen yara mai gado 200 a Dungas lokacin da cututtuka suka yi yawa. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar ta sanar cewa yara 730 ke kwance a asibitin Magariya, 208 daga cikinsu rai a hannun Allah. Mafi yawansu zazzaɓin cizon sauro da tamowa ne suka kawo su, amma waɗannan biyun su ne ke share wa Salmonela hanya. Akwai dangin Salmonela da ga babba mai lafiya zawon kwana biyu kawai suke sawa, amma ga yaron da sauro ya shanye wa jini ko tamowa ta kama, sai su ƙetare hanji su shiga jini, kuma a irin wannan hali 15 zuwa 20 cikin 100 ba sa tashi. Wani bincike da cibiyar Epicentre ta yi a Maraɗi kan yara masu tamowa mai tsanani, wanda aka buga a 2013, ya sami Salmonela a sahun gaba cikin ƙwayoyin da ke jinin yaran. Shi kuma atuni yana cinye yaro ya jefa shi cikin tamowa, tamowa ta sake buɗe ƙofa ga wata cutar.

Hannun mai sayarwa

Abin da ya kamata kowace mai sana'ar abinci ta riƙe shi ne, Shigela 10 zuwa 100 kacal sun isa su kwantar da mutum, domin tsamin tumbi ba ya kashe ta da sauƙi. Wannan adadi zai zauna a ƙarƙashin farce ɗaya ba a gan shi ba. Uwar da ta wanke wa ɗanta gindi, ta ɗauraye hannu da ruwa zalla, ta koma ta cura fura ko ta kwaɗa zogale, tana iya raba cutar ga layi guda ba da saninta ba.

Taifot kuma tana da wata dabarar. Cikin waɗanda suka warke, 2 zuwa 5 cikin 100 suna ci gaba da ɗauke da ƙwayar a matsarmama shekara da shekaru, suna fitar da ita a bayan gida alhali lafiyarsu lau. Labarin Mary Mallon, wata mai dafa abinci a birnin New York na Amurka, sananne ne. A 1907 aka gano cewa gidajen da ta yi aiki sun yi ta kamuwa da taifot, ita kuwa ko ciwon kai ba ta yi, har aka tsare ta a wani tsibiri inda ta rasu a 1938. Ba muna cewa a tsangwami kowa ba, muna cewa ne lafiyar jikin mai girki ba ta isa hujjar barin sabulu ba.

Wuta tana kashe waɗannan ƙwayoyi, saboda haka ƙosai da waina da awarar da aka tsamo daga mai yanzu babu abin tsoro a cikinsu. Haɗarin yana ga abin da ba ya komawa wuta: ruwan dama fura, ƙanƙarar da ake jefawa a zoɓo da kunun zaƙi, latas da tumatir da aka wanke da ruwan tafki, yankakken rake da kankana da ƙuda ke bi, da kuma bokitin ruwa ɗaya da ake tsoma kwanuka da ludaya tun safe har la'asar. Sanyi ba ya kashe ƙwayar, adana ta yake yi.

Abubuwan yi ba su da tsada. A wanke hannu da sabulu bayan bayan gida, bayan wanke yaro, da kafin taɓa abinci, domin bincike da dama sun nuna wannan kaɗai na rage zawo da kusan kashi 30 cikin 100. A ajiye buta da sabulu a bakin rumfa a riƙa zuba wa mai saye, maimakon kowa ya tsoma hannu a roba ɗaya. Ruwan damu da na ƙanƙara a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs bisa awon da ke jikin takardarta, a jira minti 30. Randa ta sami marfi da moɗa mai mariƙi. A rufe abinci da faifai ko ƙyallen raga, domin a Gambiya wani bincike na 1999 ya nuna rage ƙuda a ƙauyuka ya rage zawon yara da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Dafaffen abincin da ya haura awa 2 a ajiye a sake ɗumama shi ya yi zafi har tsakiya. Hannun da ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke ɗebo abinci, a sa cokali. Wadda kuma take zawo ta bar wa 'yar'uwarta sana'ar sai ta warke, asarar cinikin kwana uku ta fi a ce daga ƙwaryarta yaran unguwa suka kwanta.

Idan ta riga ta shiga

Yaron da ke zawo kowane iri ne a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, a jiƙa cikin lita 1 ta tsabtataccen ruwa, tare da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Kada a yaye shi, kada a hana shi abinci. Amma idan an ga jini, ko zazzaɓi ya haura kwana 3, ko ya ƙi sha, ko idanunsa sun faɗa, to gidan likita za a nufa a ranar. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. Idan mai zazzaɓi ya ji ciki ya ƙulle da ciwo mai tsanani ya yi tauri kamar katako, wannan ba na jiƙo ba ne, na fiɗa ne, kuma kowace awa tana da muhimmanci.

Muna jan kunne game da kafso da ake saye biyu ko uku a tiren masu talla. Tun da ƙwayar a cikin ɗaki take ɓoye, sai maganin da ke iya bin ta can, a kuma sha shi cikakke. Rabin magani koya mata jurewa yake yi. Tsofaffin magunguna irin su amfisilin da Septrin sun daina yi wa Shigela aiki a wurare da yawa, a Pakistan kuma tun 2016 aka sami taifot da ta bijire wa kusan duk magungunan sha da aka saba. Haka nan maganin tsayar da zawo ba na yara ba ne, kuma bai dace da mai kashin jini ba, domin kulle ɓarawo ne a cikin gida. Akwai sabuwar allurar rigakafin taifot da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2017, wadda ake yi wa yaro sau ɗaya tun daga wata 6. Laberiya ta fara ba da ita a 2021, Burkina Faso a 2025.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa da magadan gari na Magariya da Dungas da su mayar da wani abu daga kuɗin rumfa da ake karɓa duk ranar kasuwa zuwa gina bayi da samar da ruwa mai tsabta, a kuma nisanta juji daga layin masu abinci. Masana sun kashe shekaru da maƙudan kuɗi kafin su gano yadda wannan ƙwaya ke kwance ɗaurin ɗakin hanji, amma allurarta ba ta da wani amfani muddin ba ta kai ga hanjin ba. Tsakanin bayi da baki akwai hannu da ruwa da ƙuda, kuma duk ukun suna ƙarƙashin ikon mai rumfa. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, Ya raya mana zuri'a.